Babi na Biyar: Wa Ke Riƙe da Akalar Intanet?

A ranar 28 ga Janairun 1998, wani masanin kwamfuta mai suna Jon Postel, ma'aikaci a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, ya aika saƙon imel ga masu kula da takwas daga cikin manyan kwamfutoci 13 da ake kira kwamfutocin tushe. Waɗannan kwamfutoci su ne ke riƙe da kundin da ke nuna inda za a samu kowane rukunin sunaye na intanet, irin su .com da .org da .ng. Abin da ya nema a wurinsu ba shi da yawa a ido. Cewa ya yi su daina ɗauko kundin daga kwamfutar da kamfanin Network Solutions ke gudanarwa bisa kwangilar gwamnatin Amurka, su koma ɗaukowa daga tasa. Duk takwas ɗin suka bi ba musu, domin shekara da shekaru Postel ne ke rabon sunaye da lambobi, kuma ba a taɓa samun sa da ha'inci ba.

Masu amfani da intanet ba su ga wani canji ba a ranar. A fadar gwamnatin Amurka kuwa hankali ya tashi. Ira Magaziner, mai ba Shugaba Bill Clinton shawara kan harkar, ya bugo wa Postel waya ya ce ya mayar da komai yadda yake. Postel ya ce gwaji ne kawai yake yi, ya kuma mayar. Kwana biyu bayan haka gwamnatin ta fitar da daftarin shirinta na sake tsarin rabon sunaye. Kafin ƙarshen Satumban shekarar an yi wa ICANN rajista a jihar Kalifoniya a matsayin ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, daga baya kuma aka ɗora mata aikin. Postel ya rasu a watan Oktoba, bai ga yadda za ta kaya ba.

Abin da ya faru a wannan mako ya bar tambayoyin da injiniya shi kaɗai ba zai iya amsa su ba. Da wane hurumi malamin jami'a ɗaya ya juya tushen hanyar sadarwar duniya? Da wane hurumi gwamnati ɗaya ta hana shi? In kuma aikin ya koma hannun ƙungiya mai rajista a jiha ɗaya ta ƙasa ɗaya, wa zai tuhume ta idan ta zalunci mutumin Birazil ko na Ghana? Neman amsar irin waɗannan tambayoyi ne ya haifi fannin da wannan babi zai duba, wato nazarin shugabancin intanet.

Dokar doki

Tun farko akwai manyan masana da suka ce babu wani fanni a nan. A 1996, wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, Frank Easterbrook, ya gabatar da maƙala a Jami'ar Chicago inda ya ce koyar da dokar intanet daidai yake da koyar da dokar doki. Hujjarsa ita ce ana sayar da doki, ana satar doki, doki kan yi wa mutum harbi ya ji masa ciwo, amma mai son fahimtar waɗannan shari'o'i dokar ciniki da ta dukiya da ta diyya yake karantawa. Ba a buɗe wa doki tsangaya tasa. A wannan shekarar ce kuma John Perry Barlow ya rubuta sanarwarsa daga Davos, yana shaida wa gwamnatocin duniya cewa ba su da iko a sabuwar duniyar intanet. Ra'ayoyin biyu sun yi hannun riga, amma sun haɗu a wuri ɗaya: babu wani sabon iko da ya cancanci a zauna a yi nazarinsa.

Lawrence Lessig, malamin shari'a, ya mayar da martani a 1999. Ya nuna cewa abubuwa huɗu ne ke taka wa mutum birki: doka, al'adar jama'a, farashin kasuwa, da kuma yadda aka gina abin da yake amfani da shi. A intanet, na huɗun nan ya fi kowanne ƙarfi. Idan aka gina manhaja ta yadda ba za ka shiga ba sai ka ba da sunanka na gaskiya, to an kafa maka doka ke nan, ba tare da majalisa ta zauna ba, kuma ba ka da kotun da za ka kai ƙara. Daga nan masu bincike suka fara kallon injiniyoyi da kamfanonin da ke tsara hanyoyin sadarwa a matsayin masu mulki, ko da su kansu ba su ɗauki kansu haka ba.

A 2002 Milton Mueller ya fitar da littafinsa Ruling the Root, wanda ya bi diddigin rikicin tushe da idon masanin tattalin arziki da siyasa. Ya nuna cewa sunaye ba su zama abin faɗa ba sai da suka zama dukiya. A 1995 aka fara karɓar dala 100 a kan rajistar suna na shekara biyu, kamfanoni suka farga cewa wasu sun riga su kama sunayensu, lauyoyin alamar kasuwanci suka shigo. Abin da jiya yake aikin sa kai na 'yan jami'a ya zama fagen neman kuɗi da iko. A 2006 kuma Jack Goldsmith da Tim Wu suka rubuta littafin da ya rushe mafarkin Barlow, suna kafa hujja da shari'ar da aka yi wa Yahoo a Faransa a 2000, inda alƙali ya umarci kamfanin na Amurka da ya hana mazauna Faransa ganin gwanjon kayan 'yan Nazi. Ashe iyakokin ƙasa ba su mutu ba.

Daga Tunis zuwa Atina

Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ba fannin filin da ya tsaya da ƙafarsa, ko da yake ba da wannan niyya ta fara ba. An shirya babban taron ƙoli kan fasahar sadarwa da ci gaban al'umma a zango biyu, na farko a Geneva a Disamban 2003, na biyu a Tunis a Nuwamban 2005. Ƙasashe irin su Sin da Birazil da Afirka ta Kudu suka ƙi yarda a wuce batun ikon da Amurka ke da shi a kan ICANN. Da aka kasa daidaitawa a Geneva, sai aka nemi babban sakatare Kofi Annan ya kafa kwamiti. Kwamitin na mutum 40, ƙarƙashin jagorancin Nitin Desai, ya haɗa jami'an gwamnati da 'yan kasuwa da 'yan ƙungiyoyin farar hula da malaman jami'a, kuma aikinsa na farko shi ne ya faɗi abin da ake nufi da shugabancin intanet.

Bayanin da kwamitin ya bayar a 2005 ya ce al'amari ne na gwamnatoci da kamfanoni da ƙungiyoyin farar hula, kowa a matsayinsa, wajen kafawa da aiwatar da manufofi da ƙa'idoji da dokoki da hanyoyin yanke shawara da ke tsara yadda intanet ke bunƙasa da yadda ake amfani da ita. Duk wanda ya karanta hulɗar ƙasa da ƙasa zai gane inda aka samo zubin wannan bayani. Ya yi kama sosai da wanda Stephen Krasner ya bayar a 1982 game da tsare-tsaren da ƙasashe ke bi a tsakaninsu. Wato tun daga tushe, kayan aikin malaman jami'a ne aka ɗauka aka gina yarjejeniyar diflomasiyya da su.

A Tunis ba a ƙwace komai daga hannun Amurka ba. Abin da aka samu shi ne zauren tattaunawa na shekara-shekara, IGF, wanda kowa ke iya halarta amma ba ya zartar da hukunci. Zamansa na farko a Atina ta ƙasar Girka aka yi shi, a ƙarshen Oktoban 2006. Ana gobe za a buɗe shi, wata sabuwar ƙungiyar malamai mai suna GigaNet ta yi taronta na farko a can, kuma ta mayar da hakan al'ada, tana taron gabatar da maƙalu a gefen zauren kowace shekara. A 2007 Wolfgang Kleinwächter ya buɗe makarantar bazara a garin Meissen na Jamus domin horar da matasa kan harkar. Cikin 'yan shekaru fannin ya samu abubuwan da ake gane fanni da su: ƙungiya, taron shekara, littattafan da kowane ɗalibi zai karanta, da kuma gardamar cikin gida.

Abu ɗaya, ido huɗu

Dalilin da ya sa tsangaya ɗaya ba ta iya riƙe wannan ilimi zai fi fitowa fili idan aka ɗauki misali ɗaya aka juya shi. A Fabrairun 2008, gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasarta. Domin cika umarnin, kamfanin Pakistan Telecom ya sanar a na'urorinsa cewa hanyar zuwa wasu adiresoshin YouTube ta wurinsa take, da nufin duk mai nema daga cikin ƙasar ya faɗa inda babu komai. Sanarwar ta tsallake iyaka ta isa wani babban kamfanin sadarwa na Hong Kong, shi kuma ya yaɗa ta ga sauran duniya. Na kusan awa biyu, YouTube ya ɓace wa jama'a a ƙasashe da dama.

Injiniya zai ce matsalar daga ƙa'idar BGP take, wadda cibiyoyin sadarwa ke amfani da ita wajen sanar da juna hanyoyi. An tsara ta ne a zamanin da masu gudanar da intanet ba su da yawa kuma sun san juna, saboda haka kowa na gaskata abin da maƙwabcinsa ya faɗa. Masanin tattalin arziki zai tambaya, tun da an san maganin, me ya hana a sha? Amsarsa ita ce kamfanin da ya kashe kuɗi wajen tace sanarwar hanyoyi wasu yake karewa fiye da kansa, don haka kowa na jiran wani ya fara. Lauya zai tsaya a kan hurumi: umarnin da ke da ƙarfin doka a Islamabad ya cutar da mutum a Landan, to wace kotu ce za ta saurari ƙarar? Masanin siyasa kuwa zai ga gwamnatin da ke son nuna ikonta a kan abin da 'yan ƙasarta ke kallo, a kan hanyar sadarwar da ba a gina ta da taswirar ƙasashe a zuciya ba. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma wanda ya tsaya a kan amsa ɗaya ba zai iya hana abin sake faruwa ba.

Haka lamarin yake game da lambobin adireshi. Tsohon tsarin IPv4 yana da adireshi kimanin biliyan 4.3, kuma a ranar 3 ga Fabrairun 2011 babban rumbun adiresoshin na duniya ya raba na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar. A shekarar ce Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7.5. Lambar da aka ƙirƙira domin kwamfuta ta gane kwamfuta ta zama haja. Laura DeNardis ta riga ta nuna a littafinta na 2009, Protocol Politics, cewa zaɓen sabon tsarin IPv6 ma ba lissafi ne zalla ba, akwai gasar cibiyoyi da ta ƙasashe a cikinsa.

Saboda haka hanyoyin binciken ma suka bambanta. Wasu na tona tsofaffin takardun RFC, jerin da Steve Crocker ya fara a 1969, su karanta su yadda masanin tarihi ke karanta kundin fada. Wasu na zama cikin tarukan IETF, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet tun 1986, inda ba a kaɗa ƙuri'a, sai dai a auna rinjaye, wani lokaci ta hanyar gunjin da mahalarta ke yi da baki a rufe. Corinne Cath ta yi irin wannan zama domin digirinta na uku a Oxford, tana lura da wanda ake saurara da wanda ake sharewa. Wasu kuma awo suke yi: cibiyar Citizen Lab da Ron Deibert ya kafa a Jami'ar Toronto a 2001, da shirin OONI, suna gwada hanyoyin sadarwa domin gano shafin da aka toshe, da wanda ya toshe shi, da na'urar da ya yi amfani da ita.

Ina ikon yake?

Suka mafi zafi da aka yi wa fannin daga cikin gida ta fito. A 2013 Michel van Eeten da Milton Mueller suka wallafa maƙala suna cewa masu bincike sun tare a wuraren da ke da allon suna, wato ICANN da IGF da tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali yawancin hukuncin da ke shafar mutane ba a can ake yanke shi ba. Ana yanke shi ne a yarjejeniyar haɗa layi tsakanin kamfanonin sadarwa, da ofisoshin masu yaƙi da kutse, da sharuɗɗan amfani da kowa ke amincewa da su ba tare da ya karanta ba.

Abubuwan da suka faru sun gaskata su. A ƙarshen 2010, ba tare da hukuncin wata kotu ba, Amazon ya sauke WikiLeaks daga kwamfutocinsa, PayPal da Visa da Mastercard suka rufe masa hanyar karɓar gudummawa. A ƙarshen Janairun 2011 gwamnatin Masar ta sa kamfanonin sadarwa suka katse ƙasar daga intanet na kwanaki. A Janairun 2021 Twitter ya rufe shafin shugaban Amurka mai ci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya bi ta zauren tattaunawa. Wannan ne ya sa DeNardis da wasu abokan aikinta suka karkatar da hankali zuwa ga kayan da ke ƙarƙashi, wato wayoyin ƙarƙashin teku, rumbunan ajiyar bayanai, hanyoyin biyan kuɗi da kundin sunaye, domin duk mai son danne magana a yau can yake kai hannu.

Tsohuwar gardamar gwamnatoci ma ba ta kwanta ba. A taron ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, da aka yi a Dubai a Disamban 2012, ƙasashe 89 suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, 55 suka ƙi, ciki har da Amurka. A Yunin 2013 Edward Snowden ya fallasa girman leƙen asirin Amurka, abin da ya fusata Shugaba Dilma Rousseff ta Birazil har ƙasarta ta karɓi baƙuncin taron NETmundial a São Paulo a Afrilun 2014. A watan Maris na shekarar Amurka ta sanar cewa za ta saki ikon sa ido a kan kundin tushe, kuma hakan ya tabbata a ranar 1 ga Oktoban 2016. Gwaji ya zo a 2022, lokacin da Yukren ta nemi ICANN ta soke rukunin .ru na Rasha bayan ɓarkewar yaƙi. ICANN ta ƙi, tana cewa aikinta haɗa intanet ne, ba ta da hurumin sa takunkumi. Har yau masana na jayayya ko wannan tsaka-tsaki ne na gaskiya ko kuwa shi ma matsayi ne na siyasa.

Raunin da ya rage

Akwai matsaloli biyu da fannin bai warware ba. Ta farko ita ce kusanci. Da yawa daga cikin masu nazarin ICANN da IGF suna zama a kwamitocinsu, kuma wani ɓangare na kuɗin bincike da na tafiye-tafiye daga kamfanoni da cibiyoyin da ake nazari yake fitowa. Kusancin na ba su damar ganin abin da na waje ba zai gani ba, amma yana da wuya mutum ya soki tsarin da ya ba shi kujera. Shi ya sa tsarin masu ruwa da tsaki, wato na haɗa gwamnatoci da kamfanoni da ƙungiyoyin farar hula, ya daɗe ana yabonsa kafin a fara tambayar wa ke da kuɗin jirgi da biza da Turancin da zai halarci taro uku a nahiya uku cikin shekara ɗaya.

Ta biyu ita ce inda masu binciken suke zaune. Mafi yawan sanannun littattafan fannin daga jami'o'in Amurka da Turai suka fito, don haka tambayoyin da suka dami can ne suka fi samun amsa. Ba wai Afirka ba ta cikin labarin ba. Nii Quaynor na Ghana yana cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa AFRINIC, hukumar rabon lambobin adireshi ta nahiyar, wadda ta samu amincewa a 2005, mai hedikwata a Morishiyas. An fara makarantar AfriSIG ta horarwa kan shugabancin intanet a Durban a 2013, kuma IGF ya zauna a Sharm el-Sheikh a 2009, Nairobi a 2011, da Addis Ababa a 2022. Amma tun daga 2021 AFRINIC ta shiga doguwar shari'a da wani kamfani a kan miliyoyin adiresoshi, aka rufe asusunta na banki na wani lokaci, har a 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo. Makomar lambobin nahiya guda ta rataya a kan kotun tsibiri ɗaya, kuma jama'ar da abin ya shafa ba su ma ji labari ba.

Abubuwan bincike kuwa ga su nan a ƙofar gida. Kamaru ta katse intanet a yankunanta masu amfani da Turancin Ingilishi na kusan wata uku a farkon 2017. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita da sunan yaƙi da 'yan bindiga. A Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da ta kasuwanci suka tsaya cik a wurare da yawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na buƙatar injiniya da zai auna abin da ya faru, lauya da zai duba dokar da aka dogara da ita, masanin tattalin arziki da zai ƙiyasta asarar mai POS da ɗan kasuwar hatsi, da masanin zamantakewa da zai zauna da mutanen da aka yanke daga 'yan'uwansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da tsangayoyin shari'a da na kimiyyar kwamfuta da na siyasa da na aikin jarida, galibi a harabar makaranta ɗaya. Abin da ya rage shi ne su zauna a kan tambaya ɗaya, su sa ɗalibansu na digiri na biyu da na uku su rubuta abin da ya faru a Zamfara da N'Djamena da hujjoji da alƙaluma, su kuma kai sakamakon inda ake yanke shawara. Idan ba su yi ba, wasu za su rubuta daga nesa, kuma da abin da suka rubuta za a tsara mana doka.